Ai Don Allah Yake Yi

Duk unguwar da ka ga yaranta ba su watse ba a cikin birnin Kano, in ka bincika za ka tarar da wasu 'yan mutane ƙalilan da ke riƙe da su, kuma babu mai biyan su ko sisin kwabo. A tamu unguwar akwai wani mai walda da yara ke kira Koci. Akwai wata Malama da ta mai da soron gidan mijinta makarantar dare ta 'yan mata masu talla. Akwai kwamandan 'yan agaji da ke koya wa samari fareti da ɗaure rauni da yadda ake tsayawa a gaban babba, sai kuma ɗaliban jami'a da kan tara ƙannensu a firamaren unguwa lokacin hutu. Na daɗe ina sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, saboda haka na ga yadda muke gode wa waɗannan mutane, na kuma ga wace godiyar ce ke ƙara musu ƙarfi, wacce ce ke barin su inda ta same su.

Idan aka ambaci ɗayansu a majalisa, abin da za ka ji bai wuce, "Kai, bawan Allah ke nan. Ai don Allah yake yi, Allah ya saka masa." Kowa ya ce amin, a koma hirar siyasa. Addu'a ce mai kyau, babu mai musun haka. Sai dai a bakin da yawa daga cikinmu ta zama hanyar rufe magana: tunda don Allah yake yi, ladansa na can, mu kuma mun fita ke nan. Alhali niyyar mutum tsakaninsa da Ubangijinsa take, ba ta sauke haƙƙin da ke kan waɗanda ake yi wa hidima. Malaman da suka koya mana wannan addu'ar su ne dai suka koya mana cewa gode wa mutane yana cikin gode wa Allah.

Wani abin da ke sa mu sakaci shi ne aikin nasu ba ya ganuwa. In ƙungiya ta gina kwalbati, kowa zai taka ya wuce ya yaba. Yaron da bai fara shan kodin ba kuwa, wa zai nuna shi ya ce ga aikin wane? A 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar kan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar UNODC a wannan tsakanin ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Mu a unguwa ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Mun san lungun, mun san kangon, mun kuma san lokacin: daga la'asar zuwa bayan isha, sa'ad da uba bai dawo daga kasuwa ba, uwa kuma tana fama da tukunya. Shaye-shaye da daba da ƙwacen waya duk a wannan tsakanin suke samun sababbin yara. A wannan tsakanin ne kuma Koci ke rufe shagonsa ya nufi fili.

Sai ka san sana'ar walda za ka gane abin da wannan rufe shagon ke nufi. Mai walda da wuta yake cin abinci. In aka kawo ta da la'asar, abokan sana'arsa na murna suna jona waya, shi kuwa yana ɗaure buhun ƙwallaye a bayan babur. Ƙwallon da kuɗinsa ya saya, in ta fashe shi zai kai ɗinki. Shi ke sayen ruwan leda, shi ke biyan rajistar gasa in yara sun kasa haɗawa, kuma kusan kullum sukan kasa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai kai yara wasa wata unguwa ya zama abin da ake kwana ana lissafi. Akwai ranar da na gamu da su a ƙafa wajen Ƙofar Na'isa, yara a jere da takalma a wuya, shi yana baya yana tura babur ɗin da ya ɗora ƙananan a kai.

Kowane yaro a filin nan gani yake shi ne Ahmed Musa na gobe, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya wuce Turai. Koci ya san ba haka abin yake ba, bai kuma taɓa yi wa yaro alkawarin Turai ba. Babbar dokarsa dai ita ce: wanda bai je makaranta ba, ba ya taɓa ƙwallo. Ƙarshen zango kowa zai kawo takardar sakamakonsa, a zauna a inuwa a duba. Wanda aka ji warin sigari a bakinsa zai yi zaman benci har sai ubansa ko yayansa ya zo. Iyaye da yawa ba su san ma akwai wannan doka ba. Su dai sun san yaro ya tafi ƙwallo, wani lokacin har da zagi, wai ya je ya ɓata lokaci wajen wancan mai waldar.

Wata shekara bayan Babbar Sallah ƙungiya ta yanke shawarar karrama Koci da sauran masu aikin sa kai. Aka kafa kwamiti, aka yi hayar rumfuna da kujeru da lasifika, aka buga katin gayyata mai ruwan zinare. Wani ɗan takara ya ji labari ya ce shi zai ɗauki nauyin lemo da allunan yabo, da sharaɗin a sa shi babban baƙo. An ce ƙarfe huɗu, bai iso ba sai da rana ta yi ja. Sanƙira ya kwashe lokaci yana kiran sunayen manyan baƙi da muƙamansu, kowa ya tashi ya yi jawabi kan muhimmancin matasa. Kafin a zo kan waɗanda aka taru dominsu an fara kiran magariba, sai aka miƙa musu allunan a tsaitsaye, mai hoto na cewa su matso kusa da Honorabul. Washegari hotunan suka cika Facebook, sunan ɗan takara da manyan baƙaƙe, su kuma an kira su "wasu matasan yankin". Da na zauna haɗa lissafi, kuɗin hayar rumfa da kujeru kaɗai ya isa ya sayi ƙwallaye da riguna na shekara guda.

Ban ce allon yabon banza ne ba. Har yau na Koci na rataye a shagonsa, sama da injin walda, yana kuma goge masa ƙura. Ɗan Adam na son a san da shi, wanda ya ce ba ya so ma yana so. Abin da na lura da shi dai shi ne, washegarin taron ya koma fili da tsofaffin ƙwallayensa, uban da ke zaginsa bai daina ba, domin bai ma je taron ba.

Karramawar da ke aiki tana da tsohon misali a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan ƙauye. Kowane rukuni na da shugaba da ake kira jaji, mace mai hankali da aka yarda da ita, wadda ke jagorantar mata zuwa wajen Nana, ta koma ta karantar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Ba albashi ake ba jaji ba. Malfa Nana ke ɗora mata, a naɗe da jan ƙyalle. Duk wanda ya gan ta a hanya ya san wace ce, ya san wa ya aiko ta, ya san ba a tare ta da wasa. Tun farkon aiki ake ba ta wannan girma, da shi take shiga gidaje a saurare ta. Mu kuwa sai mutum ya gaji, ko ya tsufa, ko ya mutu, sannan mu tuna da girmama shi, a lokacin da girman ba zai buɗe masa ƙofar kowa ba.

Mai unguwarmu, Allah ya ƙara masa lafiya, bai yi dogon karatun tarihi ba, amma ya yi abin da ya fi taronmu amfani. Wata Alhamis, ranar da babu Islamiyya fili ya cika, sai ga shi da sandarsa, ya sa an kira iyayen da ke kusa. Koci ya rugo ya durƙusa, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Ya ce masa ya tashi. Sannan ya juya ga jama'a ya ce daga yau yaron da Koci ya kora daga fili shi ya kore shi, uban da ke da magana kuma ya same shi a gida. Bai fi haka ba, ya juya ya tafi. Ranar Juma'a liman ya maimaita bayan sallah, ya ambaci Koci da Malama da kwamandan agaji da sunayensu, ya yi musu addu'a jama'a suka amsa. Tun daga nan maganar "wancan mai waldar" ta ragu ƙwarai. Ko kwabo ba a kashe ba.

Maganar kuɗi ta fi wuya, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya kan yi ɓarna. An taɓa haɗa wa Malama 'yan kuɗi a ambulan, da nufin a riƙa ba ta duk wata. Kafin isha ɗanta ya dawo mini da ita har gida, da saƙo: "Umma ta ce a gaishe ka, ta gode. Ta ce in ta karɓi wannan, gobe uwar yarinya za ta zo ta tambaye ta dalilin da ba ta buɗe makaranta ba ranar da take zazzaɓi." Ta fi mu hangen nesa. Kuɗin ba su kai albashi ba, amma sun isa su mai da ita ma'aikaciyar unguwa, kowa ya sami bakin yi mata faɗa. Da matan ƙungiya suka je suka zauna da ita suka tambaye ta abin da take buƙata, sai ga jerin abubuwa: fitila mai sola, tabarmi, alli, ƙaramin allo na bango. Na ƙarshen shi ne babba, kuma ba a saye shi a kasuwa: iyaye mata su riƙa sakin yara daga talla kafin isha, ko da gyaɗar ba ta ƙare ba. Wannan ya ɗauki watanni ana bi gida gida, har yanzu ba a gama cin nasara ba.

Daga nan muka rarrabe abu biyu da da muke cakuɗawa. Kuɗin aiki daban: ƙwallo, alli, mai, magani. Wannan bai kamata ya fito daga aljihun wanda ya riga ya ba da lokacinsa ba, kuma biyansa ba kyauta ba ce, sauke nauyi ne. Ihsani ga mutumin kansa kuma daban, shi ma yana da hanyarsa. Kakanninmu sun san ta. Malamin allo bai taɓa yin albashi ba, amma al'ada ta kewaye shi: kuɗin Laraba, damin hatsi da kaka, zakkar fid da kai, naman layya, ga riga ko rago ranar sauka. Babu wanda ke ganin wannan a matsayin lada ko ijara, shi ya sa malam ke karɓa ba tare da girmansa ya ragu ba. Matsalar Koci da irinsa ita ce aikinsu sabo ne, al'ada ba ta yi musu gurbi ba. Babu ranar Larabar kocin ƙwallo. Dole unguwa ta ƙirƙiro. Mu abin da muka yi, da za a sake ƙofar maƙabarta, shagonsa aka kai aikin, aka biya shi farashin kasuwa babu ragi. Masu gini a unguwa suka fara kai masa tagogi. Da azumi kuma akan aika hatsi da sukari gidajensu bayan tarawi, a hannun dattijo ɗaya, babu mai hoto. Wanda ya ɗauki hoton mutum mai mutunci yana karɓar buhun shinkafa ya watsa a waya, ya karɓi fiye da abin da ya bayar.

Na ɗaliban jami'a ya fi sauƙi. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya kama daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, sun koyar da lissafi da Turanci kyauta, suka kuma aro kwamfutoci suna nuna wa yara yadda ake amsa tambaya a kansu, tunda tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yaranmu da yawa kuwa ranar jarrabawar suke fara taɓa ta. Abin da suka nema a wajenmu mabuɗin aji ne a kan lokaci, da takardar shaida mai sa hannun mai unguwa da hedimasta, wadda za su haɗa in suna neman aiki ko tallafin karatu. Rubuta ta bai kai shan shayi ba.

Inda ake gane ko unguwa na godiya da gaske shi ne ranar da abu ya ɓaci. Wani yaro ya faɗi a fili ya karye a hannu. Koci ya ɗauke shi ya kai asibiti, ya biya kuɗin hoto, sannan ya kai shi gida. Uban ya fito, ko sannu babu, ya ce, "Wa ya aike ka? Na ba ka ɗana ne?" A gaban mutane. Ban san wata kalma da ta kori masu aikin sa kai daga unguwanni kamar wannan "wa ya aike ka" ba. Mutum zai jure talauci da gajiya, amma ranar da aka tozarta shi kowa ya yi shiru, ranar zai fara lissafin abin da yake asara. Daren nan shugaban ƙungiya da na'ibin liman suka ɗauki Koci suka koma gidan. Suka duba yaro, suka ba uban haƙuri kan raunin, shugaba ya ce, "Malam, ka tambayi wanda ya aike shi. Mu ne. In akwai laifi namu ne, kuɗin magani kuma na ƙungiya ne." Uban ya sauko, kamar yadda akan sauko in an ga manya a ƙofar gida. Yaron na warkewa ya koma fili.

Tsaya wa mutum ba ya nufin a sakar masa yara a juya baya. Ba duk mai tara yara ne mutumin kirki ba, kowa ya ji labarai, wasunsu ma ba sa faɗuwa. Shi ya sa muka tsara dattawan da suka yi ritaya su riƙa zama a bakin fili bi da bi, wata tsohuwa kuma takan zauna a soron Malama har a tashi, sannan yayyen yara su raka su gida. Da farko na ɗauka za su ji kamar ana zarginsu. Ashe sun fi kowa so. Koci ya ce mini, "Sakatare, ai yanzu in an yi mini sharri ina da shaida." Ga kuma wani amfanin: dattijon da ya wuni biyu a benci yana kallon mutum ɗaya na fama da yara kusan hamsin ba ya buƙatar a yi masa bayanin wahalar aikin.

Akwai kuma waɗanda ke biyan kuɗin wannan hidima ba tare da an taɓa ambatonsu ba. Matar Koci ce ke haƙuri da cefanen da ya ragu saboda an sayi ƙwallo. Mijin Malama ne ya bar soronsa, ya koma karɓar baƙinsa a kan dakali, ya kuma jure hayaniyar yara kowane dare. In ɗayan waɗannan biyun ya ce ya gaji, aikin ya tsaya, ko da allon yabo goma aka bayar. Dattawa sun je wajen mijin Malama takanas suka ce, "Alhaji, mun zo godiya ne." Mutumin ya rasa abin cewa, domin shi a zatonsa babu wanda ya lura. Mata kuma suka kai wa matar Koci turmin atamfa da Ƙaramar Sallah. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba tun 1985 a matsayin ranar masu aikin sa kai, babu laifi, amma a lungunmu babu wanda ya san da ita, kuma muna da namu lokutan da suka fi ta shiga rai.

Na tambayi Koci wata rana abin da ya fi faranta masa a duk tsawon shekarun nan. Bai ambaci taro ba, bai ambaci ƙofar maƙabarta ba. Ya ce akwai wani yaro da ya sha kora daga fili saboda rashin ji, yanzu soja ne, duk sanda ya zo hutu sai ya zo shago ya zauna a kan tsohuwar taya su yi hira. Masu wannan aiki shuka suke yi su wuce, yawanci ba sa jin labarin abin da ya tsiro. Yaro ya gama makaranta, ya sami aiki, ya yi aure, katin biki ya zaga ko'ina ban da wajen wanda ya hana shi shiga kango yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ba mugunta ba ce, mantuwa ce, kuma iyaye ne ya kamata su ce, "Ka je ka gaya wa Koci ka ci jarrabawa." Tsofaffin yaran nasa yanzu sun haɗa kansu a WhatsApp, suna karo-karon kuɗin mota in za a fita wasa. Biyu daga cikinsu, wani mai adaidaita sahu da wani malamin firamare, sun karɓi horon ranar Asabar da Lahadi, karo na farko ke nan da Koci ke wuni a shagonsa har magariba. A ganina wannan ce babbar kyautar da aka taɓa yi masa, ko da yake ranar Asabar ɗin farko sai da ya leƙo fili, wai ya zo duba ko an hura ƙwallo da kyau.

Abin da ke gabanmu yanzu filin ne kansa. Wanda ya san Kano ya san yadda filayen wasa da bakin makarantu ke komawa shaguna da fuloti, a kwana a tashi a ga an zuba bulo. Mun fara ganin baƙin fuska na zagaya namu da igiyar awo. Koci ba shi da takarda, ba shi da wanda ya sani a ofis, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Ƙungiya ta rubuta takardar koke, iyaye sun sa hannu, waɗanda ba sa rubutu sun dangwala yatsa, har da uban yaron da ya karye. Mai unguwa ya kai wa dagaci, daga can za ta wuce wajen hakimi da ƙaramar hukuma. An raba wa mutum uku aikin bin sawunta duk mako, ni ne na ranar Litinin.